Shekara Biyar da Raba Tekun Baba Tsoho

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar kakana, Alhaji Mamman, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho, mutanen unguwarmu a Tambuwal kuma suke kira Mai Teku. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na san irin wannan rubutu manya ne ke yin sa, masu furfura da tabarau, su ce mamaci mai haƙuri ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. Ni shekarata goma sha shida, kuma ba zan yi wa kakana ƙarya ba. Ya yi faɗa da kowa a gidanmu, har da kaji, in dai an matso kusa da akwatin gilashinsa. Na daɗe ina jira manyan gidanmu su rubuta wani abu a kansa, na ga ba su da niyya, kuma na san dalili. Duk wanda ya fara labarin Baba Tsoho sai ya zo kan maganar tekun, wanda ya zo kan maganar tekun kuwa dole ya faɗi yadda aka kashe shi.

Bari in yi bayani, kada a ɗauka kakana tafki ya haƙa. Ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa wani mai hali a Ikko. A falon mutumin akwai ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri da halittun teku, kuma da yake direba yakan wuni yana jira, sai kula da akwatin ta faɗo kansa. Da ƙarfi ya ƙare ya dawo gida. Abokan aikinsa suna dawowa da mota ko injin niƙa, shi kuwa ya dawo da ɗan akwatin gilashi da bai fi akwatin ƙarfen ɗalibar makarantar kwana ba, da jarkokin ruwa, da wasu duwatsu masu ramuka naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Babana ya ce ranar da motar ta iso, maƙwabta sun taru su taya sauke arziki, suka ƙare da dakon dutse.

A cikin akwatin akwai kifi biyu, ruwan lemo da fararen zane, ƙanana kamar babban yatsa. Sunansu Tanko da Ladi. Akwai 'yan katantanwa masu lasar gilashi. Sai murjani. Ba irin wanda mata ke ratayawa a wuya ba. Wannan mai rai ne, dabba ce da ke manne wa dutse kamar tsiro, ta buɗe idan ta ji daɗi, ta ƙulle idan aka ɓata mata rai. Goggo Asabe, ƙanwar babana da ke aure a Jabo, da ta ji tsohonta ya zo da murjani, ta hau kabu-kabu ta taho da gwangwanin ajiya. Har yau ba ta yafe wa tekun ba. Wanda na fi so a cikinsu wani ne mai kama da ciyawar fadama, kore shar, a kan wata 'yar shimfiɗa mai launin shunayya. In inuwarka ta gifta da sauri sai ya janye ciyawar tas, ya bar maka shimfiɗar tana harararka. Na sa masa suna Mai Fushi, Baba Tsoho ya ce ai sunana na ba shi.

Riƙe teku a Tambuwal ba ƙaramin taurin kai ba ne. Garin da a bazara kaza ke buɗe baki tana haki tun hantsi, nan mutum ya kawo halittun da ba sa son zafi, ba sa son ruwa ya tsaya cik, ba sa son ruwan rijiya, ba sa son gishirin miya, ina jin ko atishawa ba sa so a yi kusa da su. Ya ajiye su a tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango. A kan rufi akwai farantin sola. Daga shi waya ta sauko zuwa batir, daga batir zuwa ɗan famfo mai juya ruwa, da fitila mai shuɗin haske, da fanka mai hura saman ruwan don ya yi sanyi. In zafi ya yi zafi sai ya cika gora da ƙanƙara ya rufe bakinta ya saka ciki. Gishirin ma na musamman ne, direbobin Ikko ke kawo masa. Farantin da batirin da fankar da akwatin duk jiki ɗaya ne, kamar kai da ciki da ƙafa. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, don mutum uku masu hankali a gidanmu sun kasa riƙe shi.

Fankar nan tana sa ruwa ya riƙa raguwa kullum. Saboda haka ya sa ƙusa ya karci gilashin, ya yi wani ɗan layi. Kowace safiya za a cika ruwan zuwa layin, ba sama ba, ba ƙasa ba, kuma da ruwan sama zalla, wanda yake tarawa da damina a robobi a tsakar gida, ba na indararo ba. Duk baƙon da ya ga ana haka sai ya yi masa gyara, ya ce ruwan gishiri ne ya ragu, ai na gishiri za a ƙara. Ni ma na taɓa faɗar haka ina shekara takwas. Ya ja kunnena ya ce, "Ke Amarya, saurara. Ruwa ka tafiya, gishiri bai zuwa ko'ina. In kinka ƙara mai gishiri, miya kinka yi musu."

Amarya yake kirana, irin wasan jika da kaka. Ni kuma in ce masa ango mai haƙori uku, ango mai rowa. Ya sha faɗa a gaban mutane, "In na mutu, tekun ga naki na, Amarya." Ni kuwa da bakina da ba ya hutawa sai in ce, "Wa ka son gadon ruwa? Ka bar mini saniya." A yi dariya a watse. Da na san abin da dariyar nan za ta ja mini, da na kira shaidu biyu na sa an rubuta.

Ya rasu cikin bazara, bayan jinyar kwanaki kaɗan. Duk kwanakin zaman makoki ni ke shiga ɗakin ina cika ruwa zuwa layi, ba wanda ya lura, kuma tekun yana lafiya lau. Ina so a rubuta wannan: mutuwar mai shi ba ta kashe shi ba. Bayan kamar mako biyu aka zauna rabon gado. Kakata ta riga shi rasuwa, don haka magada uku ne: babana, da yayansa Baffa Sani da ke zaune a Kebbe da shanunsa, da Goggo Asabe. Gonaki da shanu aka raba ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka zo kan kayan ɗaki.

Baffa Sani ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya ko da raina bai so. Mutum ne da ba ya iya barci in allurar wani tana gidansa, kuma ba ya iya barci in tasa allurar tana gidan wani. Ya shiga ɗakin ƙasar, ya cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka hau rufi aka sauko da farantin, ya jera komai a kan tabarma kamar kayan koli. Malamin da ya zo rabon, Allah Ya saka masa, har tambaya ya yi. Ya ce, "Kayan ga, kowane zaman kanshi shika yi?"

Baffa ya ce, "Awo, Malam. Wanga sola, wanga batir, wagga fanka."

Daga bakin ƙofa na ce, "Baffa, za su mutu."

Bai ko juyo ba ya ce, "Wa ya bar yara nan?"

Na ce ai Baba Tsoho ya ba ni tekun, kowa ya ji. Goggo ta yi dariya har tana share ido. Ta ce, "Ɗiyata, ai ya ce zai kai ki Makka bisa jaki. Shi ma a ba ki jakin?"

Da haka aka rufe maganata. Ba na ganin laifin malamin, abin da aka gaya masa ya yi aiki da shi. Baffa ya sami farantin da bokitin gishiri. Goggo ta sami batir da fanka. Babana ya sami akwatin da ruwansa da duwatsunsa da famfo da fitila, ina jin don ba wanda zai iya ɗaga shi. Babana kuwa mutum ne da ko kaza ta taka shi, shi zai ba ta haƙuri. Ya ce in kwantar da hankalina, gobe zai roƙi aron kayan. Kafin goben, farantin ya kama hanyar Kebbe, batirin ya kama ta Jabo. Wutar lantarkin unguwarmu kuma a lokacin kamar baƙon da ya yi fushi da gidan take, sai ta leƙo ta ga muna nan ta koma.

Kwana uku ban je makaranta ba. Ina zaune gaban akwatin da ludayin miya ina juya ruwa, ɗaya hannun da mafici ina fifita. Ladi ce ta fara kifewa, Tanko ya bi ta washegari. Murjanin ya narke kamar kitse a rana, Mai Fushi ya ƙulle bai sake buɗewa ba, ɗakin ya ɗauki warin da ya sa akuyar maƙwabta ta bar inuwar bangonmu har abada. Na binne kifayen a gindin darbejiya. Innata ta wanke akwatin, ta shekara huɗu tana ajiye kwanonin tangaran a ciki. Gishirin kuwa, wanda aka ɗauko tun daga Ikko, Baffa ya zuba wa shanunsa suka lashe. Su kaɗai ne shanu a ƙasar Kebbe da suka taɓa ɗanɗana teku, kuma ba su ce an gode ba.

Wani lokaci nakan tsaya a tsakar gida in kalli rufin unguwarmu, in ce ko me Baba Tsoho zai ce da ya ga yau. Mutanen da suka ce ya taɓu don ya kafa wa kifi sola, yanzu kowa da farantinsa, don kallon ƙwallo da cajin waya. Ƙawayena a makaranta sukan miƙo mini waya, su ce in zo in ga wasu kifaye masu kyau a ƙasashen waje, in duba in ga sak Tanko da Ladi. In ce musu irinsu sun zauna gida uku tsakaninsu da ku, iyayenku suna kiran mai su mahaukaci. Sai su ce na fara. Ba na jin Baba Tsoho zai yi wa kowa dogon jawabi. Zai wuce ɗakin ƙasa ne kai tsaye ya duba layin, in ya tarar da tangaran a ciki kuwa, to ranar har limamin unguwa sai ya ji muryarsa.

Abin da ban sani ba duk tsawon shekarun nan shi ne Baba Tsoho ya ba da kiwo. A wajenmu mai dabba ba ya tara ta wuri ɗaya. Yakan ba wani amintacce tunkiya ko karsana ya riƙe masa, in ta hayayyafa a ba mai kiwo rabonsa, in cuta ta faɗa wa na gida kuma na waje su tsira. To haka ya yi da Mai Fushi. Ya yanki ɗan guntu, ya ɗaure a kan ƙaramin dutse, ya kai wa abokinsa Malam Jibo, mai gyaran rediyo a Kebbe, tare da wani ɗan ƙaramin akwati, ya koya masa komai. Malam Jibo bai ɓoye ba. Ranar da ya zo ta'aziyya ya gaya wa Baffa a zaure cewa akwai kiwon marigayi a hannunsa. Baffa ya ce, "Saniya ko tunkiya?" Ya ce, "Dutse na, da 'yar ciyawa bisa." Aka kalli juna, aka ce tsufa ne da zafin rashi, aka miƙa masa fura. Ni ina cikin gida ina cika ruwa zuwa layi, ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Sai bayan daminar da ta wuce saƙo ya zo. Idon Malam Jibo ya yi rauni, ba ya iya ganin layin gilashinsa, a zo a karɓi amana tun tana da rai. Babana ya faɗa muna cin tuwo, kamar yana ba da labarin farashin albasa. Ban gama tsalle ba ya ƙara da cewa Baffa ma ya ji, kuma ya ce tunda dukiyar marigayi ce da ba a raba ba, sai an raba. Na zauna. Shekara huɗu da rabi ina kukan abin da na ɗauka ya mutu, ranar da na ji yana da rai, ranar na ji mutanen da suka kashe uwarsa sun sake shimfiɗa tabarma.

Muka tafi da sassafe a kan babur ɗin babana, ina rungume da kular abinci. Wanda bai taɓa bin hanyar Kebbe a kan babur ba, ba zan ɓata masa rai ba, amma ni da muka isa sai da na ƙirga haƙorana. Shagon Malam Jibo cike yake da matattun rediyo har rufi. A lungu, inda rana ba ta kaiwa, ɗan akwatin yana ƙara a hankali. Kore ne daga wannan gefe zuwa wancan. Guntun ya rufe dutsen, ya gangaro ƙasa, ya hau gilashi, yana kaɗawa cikin ruwa kamar ba abin da ya taɓa faruwa a duniya. Na matsa da sauri, inuwata ta faɗa kansa, ya janye tas ya bar ni da shimfiɗar. Hawaye suka zubo mini, na ce hanyar ce ta girgiza mini ido.

Baffa ya riga mu zuwa, Goggo ma ta iso daga Jabo, wannan karon ba gwangwani. Malam Jibo ya ce abin yana yankuwa, kowane yanki kuma zai iya rayuwa, amma shi ba ya gani, sai dai yarinyar nan ta yanka. Ni aka miƙa wa reza. Na ɓamɓaro shimfiɗar daga gilashi, na fara fitar da rabon mai kiwo kamar yadda al'ada take, sauran na raba biyar: biyu na Baffa, biyu na babana, ɗaya na Goggo. Baffa yana tsaye a kaina yana cewa wannan ya fi wancan da kaɗan. Aka saka kowane kashi a murfin kwano da ɗan ruwa. Da yake duk sun ƙulle, sai suka koma kamar goron da aka tauna aka tofar.

Malam Jibo ya laluba ya tura nasa murfin gabana. Ya ce, "Rabona na ba ta. Ku shaida, ba wasa nika ba." Allah Ya ba tsohon nan lafiyar ido. Shi kaɗai ya gane abin da ya ci ni a baya.

Baffa ya daɗe yana kallon nasa. Ya ce, "To yanzu mi za ni yi da shi? In sa shi randa?"

Malam Jibo ya ce, "Sa shi. Kafin la'asar ka yi mai salla."

Goggo ta ture nata da ɗan yatsa, ta ce ita dai a kawar mata da shi daga gabanta, in riƙe mata. Baffa ya yi gyaran murya sau uku, sannan ya ce, "To, uwar surutu, ki riƙa mini kiwo."

Na ce, "Na karɓa, Baffa. Sai dai dabbar ga ba ta cin dusa. Rana taka ci, kuma kwanon abincinta na bisa rufin ɗakinka."

Babana ya taka mini ƙafa. Baffa ya ce zai yi tunani.

Na dawo da su gida a kula, da ruwansu da dutsensu. Malam Jibo ya ara mini ɗan farantinsa da ɗan batirinsa da sauran gishirin da direbobi suka kawo masa. Na kwashe tangaran ɗin Innata, ta yi ta faɗa kamar na kore ta daga gidan haya. Na wanke tsofaffin duwatsun Baba Tsoho da ke jibge bayan ɗaki, na ɗaure yankunan da zare a kan babban cikinsu, tsakanin kowane da ɗan'uwansa yatsa biyu, na haddace na wane ne ina. Ɗan farantin yana iya ɗaukar famfo da fitila, amma ba zai ja fanka ba. Lokacin sanyi wannan ba matsala ba ce. Amma kowa ya san abin da ke bin bayan sanyi, kuma na riga na ga abin da bazara ke yi wa akwatin nan sau ɗaya.

Baffa ya yi wata biyar yana tunani. Ban taɓa ganin tunani mai tsawon wannan ba. A cikinsa an girbe gero, an ɗaure shi, an zuba rumbu, an fara ci. Amma duk ranar kasuwa in ya shigo Tambuwal sai ya biyo ya duba dabbarsa. Ya zo ya durƙusa gaban gilashi, babban mutum da rawaninsa, ya ce kashin Goggo guda ɗaya ya fi nasa biyu girma, ana son kai a kiwon nan. Na ce nata ya fi kusa da fitila. Ya ce a matsar da fitilar. Na ce in an matsar na babana zai shiga duhu. Ya ce babana ai ba ya magana. Haka muke yi kowane mako, in tuna masa da farantin, ya tuna mini da cewa yana tunani.

Zafi ya fara shigowa. Na koma sayen ƙanƙara da kuɗin karin kumallona, ina fifita da mafici in na dawo daga makaranta, ina kallon Mai Fushi yana wuni rabi a buɗe. Wata ranar kasuwa Baffa ya zo da azahar, ya durƙusa, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ina nawa?"

Na ce, "Ga shi nan."

"Ina iyaka?"

Babu iyaka. Yankunan sun yi ta yaɗuwa har suka haɗe, suka rufe zaren, suka koma shimfiɗa guda. Ni kaina da na ɗaure su ba zan iya nuna inda na Baffa ya ƙare na Goggo ya fara ba. Na ce masa in yana so in sake ɗauko reza, amma a zafin nan duk wanda aka yanka ba zai tashi ba, in kuma aka bar su haka babu fanka, tare za su tafi, nasa da nawa. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin gilashin, yadda na sha ganin yana yi wa maraƙi in yana zargin zazzaɓi. Ya jima a haka. Ya ce, "Ruwan ga ya yi ɗumi." Ya tashi ya fita ko ruwa bai sha ba.

Kwana biyu bayan nan mai kabu-kabu ya tsaya ƙofar gidanmu da farantin ɗaure a bayansa, an naɗe shi da tabarma kamar amarya. Saƙon da ya zo da shi shi ne ba kyauta ba ce, kiwo ne, in ya haihu a mayar da uwar. Goggo ta aiko da fankar, fiffikenta ɗaya a karye. Batirin kuwa ya mutu tuntuni, shi ake zama a kai in ana tsefe kai a gidanta. Babana ya fita bai gaya wa kowa ba, ya dawo da wani batirin a bayan babur, ya haɗa wayoyin da kansa, ya fita yana kallon ƙasa. Na gane haƙurin da bai iya bayarwa da baki ba ke nan.

Kada wani ya ɗauka na huce. Ban huce ba. Farantin nan kwana uku kawai na buƙace shi shekara biyar da suka wuce, da yanzu Tanko da Ladi suna nan. Akwatin ba kifi har yau, kuma ban san ranar da za a samu ba. Gonakin Baba Tsoho an sake musu iyaka, shanunsa an sayar da wasu, yaran da aka haifa bayansa ba su san dalilin da ake kiran gidanmu gidan Mai Teku ba. Abin da ya rage nasa da hannu zai taɓa shi ne karcin ƙusa a jikin gilashi, da wata koriyar halitta mai saurin fushi wadda ta rayu don kawai ya yarda ya cire guntunta ya ba wani. Mu da muka raba don kowa ya riƙe nasa, mun kashe. Wannan na ci gaba da ba ni haushi duk safiyar da nake tsiyaya ruwan sama zuwa layi.

Don haka na yi abin da ya yi. Da fankar ta kwana biyu tana aiki, Mai Fushi ya warware, na yanki guntu daga gefe na ɗaure a kan ƙaramin dutse. Na zaga unguwarmu neman wanda zai karɓi kiwo, kowa ya ce yana da abin yi. Malam Jibo ya ce ɗan akwatinsa da ɗan farantinsa na nan ga duk wanda na amince da shi. Na yi ta tunani, nawa bai kai wata biyar ba, na ga a duk dangi mutum ɗaya ne ya san ya taɓa gilashi ya ji ɗumi. Yanzu haka guntun yana Kebbe, a ɗakin ƙasar Baffa Sani, kusa da randa. Ni ce mai dabba, shi ne mai kiwo, kuma na sa Malam Jibo da babana sun shaida.

Yakan kira wayar Innata sau uku a rana. Jiya da hantsi, ina cikin rubuta wannan, ya kira ko sallama bai gama ba. Ya ce ruwan ya sauka ƙasa da layi, ga shi ya jiƙa gishiri a kofi, ya zuba duka ko rabi?

Na ce, "Baffa, aje kofin nan."

Ya ce, "Ai ruwan gishiri na ya ragu."

Na ce, "Aje shi nesa, sannan ka zauna in yi ma bayani. Ruwa ka tafiya, Baffa. Gishirin na nan."